Babi na Shida: Shigar da Yaro Mai Buƙata ta Musamman Ajin Wasanni

Wannan babi na iyaye ne da masu riƙon yaron da ke da wata lalura, kamar kurma, ko mai shan-inna, ko mai farfaɗiya, ko mai sikila, ko wanda maganarsa da fahimtarsa ke tafiya a hankali. Ku tanadi littafin rubutu da fensir da abin gogewa. Fensir na ce, ba biro ba, domin za mu yi ta gogewa, kuma wannan ba abin kunya ba ne.

Darasi na 1: A je a gani tukuna

Ajin wasanni wuri ne da yara ke taruwa bayan an tashi daga makaranta, ko ranar Asabar, wani babba yana koya musu ƙwallo ko guje-guje ko zane ko ninƙaya. Wanda ke koyar da su shi ne koci.

Zuwan farko ku je ku kaɗai, ku bar yaron a gida. Ku yi sallama, ku nemi izini, ku zauna gefe ku yi kallo har a tashi. Ku ƙirga yaran da yatsa, sannan ku ƙirga manyan da ke kula da su. Ku lura da kocin: idan yaro ya yi kuskure, tsawa yake daka masa, ko sake nuna masa yake yi? Idan kun ga bulala a hannunsa, ku yi godiya ku kama hanya. Kafin ku fita ku leƙa banɗaki, ku ga ko keken yaronku zai shiga ƙofar, ku kuma ga ko akwai inuwa da ruwan sha.

Kada wani ya ce muku mai shan-inna ba ya wasa. A Najeriya aka ƙirƙiro ƙwallon da masu shan-inna ke bugawa a zaune kan katako mai taya, suna tura ƙwallon da hannu. Misbahu Lawan Didi ne ya faro ta a 1988, kuma har yau ana buga ta a Kano da wasu jihohi. Idan kuma yaronku kurma ne, ku tambaya ko akwai mai jin maganar hannu a wurin. Mutanen Kano na iya neman shawara a makarantar Tudun Maliki, inda ake koyar da kurame da makafi.

Darasi na 2: Cike fom

Fom takarda ce mai tambayoyi, kowace tambaya da layi ko akwati a gabanta inda za a rubuta amsa. Sau da yawa da Turanci take zuwa. Idan haka ne, ku ce wa wanda ya miƙo muku: "Malam, don Allah karanta mini layi-layi." Kada ku sa hannu a kan abin da ba a karanta muku ba.

Layin farko na suna ne. Sunan yaron ake nufi, ba naku ba. Naku yana can ƙasa, inda aka ce uwa ko uba ko mai riƙo. Layi na biyu shekarunsa, a rubuta da lamba, kamar 5 ko 6. Sai lambar waya. Lambar waya a Najeriya guda 11 ce, tana farawa da 0. Bayan kun rubuta, ku ɗora bakin fensir a kan kowace lamba ku ƙirga. Idan kun samu 10, ɗaya ta faɗi, sai ku goge ku sake. Madalla.

Yanzu mun zo inda kusan kowa ke tuntuɓe. Akwai akwatin da ke tambaya ko yaron yana da wata lalura. A nan ne hannu ke rawa. Wasu su tsallake shi, wasu su rubuta "babu", wasu su rubuta "lafiya lau". Na san dalili. Tsoro ne kada a ce ba za a karɓe shi ba, ga kuma bakin mutanen unguwa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan akwati shi ne kaɗai hanyar da koci zai san yadda zai kula da ɗanku sa'ad da ba kwa wurin.

Jimla uku za ku rubuta, gajeru. Ta farko: abin da yaron yake iyawa. Ta biyu: abin da ke ba shi wahala. Ta uku: abin da za a yi masa idan matsala ta taso. Ku kwafi wannan misali a littafinku, harafi bayan harafi:

Yana son gudu kuma yana bin layi.
Kurma ne, kunnensa ba ya ji.
A taɓa kafaɗarsa, a tsaya gabansa, a nuna masa da hannu.

Kun ga da me muka fara? Da abin da yake iyawa. Kullum da shi ake farawa, domin koci ya fara ganin ɗan wasa kafin ya ga lalura. Ku sake karanta jimlolin uku da ƙarfi. Yauwa. Ga misali na biyu, na yarinya mai sikila:

Tana son zane da wasan igiya.
Tana saurin gajiya, sanyi yana tayar mata da ciwo.
A bar ta ta huta idan ta nema, a ba ta ruwa akai-akai.

Idan akwatin ya yi muku kaɗan, kada ku matse rubutun har ya ƙi karantuwa. Ku juya takardar ku ci gaba a bayanta, ku kuma gaya wa kocin da baki cewa akwai rubutu a baya.

Na uku na mai farfaɗiya ne, kuma a nan ba na wasa:

Yana buga ƙwallo da kyau.
Yana da farfaɗiya, yana shan magani.
Idan ta tashi, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a kwantar da shi a gefensa, kada a sa masa cokali ko wani abu a baki. Idan ta wuce minti 5, a kai shi asibiti, a kira ni.

Ku duba da kyau. Uban da ya rubuta "babu" a nan, ranar da yaron ya faɗi a fili me koci zai yi? Jama'a za su taru, wani ya danne shi, wani ya ɗura masa ruwa, wani ya gudu wai kada ya ɗauka, alhali farfaɗiya ba a ɗaukarta. In ajin ninƙaya ne abin ya fi haka muni, domin mai farfaɗiya ba ya shiga ruwa sai da babba kusa da shi, idonsa a kansa. Haba jama'a! Kun iya tsayawa a kasuwa kuna ciniki a kan naira hamsin, amma jimla uku saboda ran ɗanku sai ku ce hannu ya gaji? Wanda ya kawo mini littafi da wannan akwati fayau, zan mayar masa da shi ya sake.

To, a yi haƙuri, mu sake tun daga farko. Abin da yake iyawa. Abin da ke ba shi wahala. Abin da za a yi. Yanzu ku rufe wannan shafi, ku rubuta na ɗanku da kanku. In harafi ya karkace ba komai, muddin ana iya karantawa. Wanda rubutunsa bai nuna ba tukuna ya faɗa wa na kusa da shi ya rubuta masa, sannan ya bi sahun rubutun da fensirinsa.

Darasi na 3: Magana da koci

Fom yakan shige cikin durowa a manta da shi. Saboda haka ku kwafi jimlolin nan uku a ƙaramar takarda, ku ƙara lambar wayarku a ƙasa, guda 11, ku ƙirga. Ku miƙa wa koci hannu da hannu kafin a fara wasa, ba a gaban sauran yara ba. Ga abin da za ku ce:

"Malam, barka da aiki. Ga bayanin yarona. Don Allah a duba kafin a fara."

Idan ya sa a aljihu bai duba ba, ku faɗa masa da baki, duka ukun. Kada ku ce "ai babu komai" don kawai ya yi muku fara'a. Mun riga mun wuce nan.

Darasi na 4: Ranar farko

Tun da dare ku gaya wa yaron inda za a je. Ku isa da wuri, kafin hayaniya ta cika wurin. Ku riƙe gorar ruwa da maganinsa da kayan canji. Ku zauna inda zai riƙa hango ku. In ya yi minti 15 ya ce ya gaji, ku tafi gida, a dawo wani makon. Yaron da ƙara ke firgita shi, a roƙi koci ya ɗaga hannu maimakon busa usur.

Darasi na 5: Idan an ƙi karɓarsa

Ku tambayi dalili cikin ladabi, ku nemi ganin shugaban wurin. Akwai dokar tarayya ta 2018 da ta hana nuna wa masu nakasa wariya, wadda shugaban ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Kuna iya kai kuka ga ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙaramar hukumarku. In wurin bai yi ba, ku nemi wani.

Aikin gida: ku rubuta jimlolin nan uku sau biyu, ku zo da su aji na gaba.