Yadda ake raba ɗanyen mai kashi huɗu a ɗakin gwaji

Ɗaliban kemistiri na Aliero, a jihar Kebbi, sun yi ta tambayata, to ga shi.

1. Ku jiƙa giram 1 na ɗanyen mai cikin mililita 40 na heftan (ruwan sinadari mai narkar da mai), ya kwana.
2. Ku tace. Baƙin da ya rage a takarda shi ne asfaltin, kashi na farko.
3. Ku toshe gindin bututun gilashi da auduga.
4. Ku cika shi da garin silika (farin gari mai rarrabe sauran kason man) da aka dama da heksan, wani ruwan sinadari irin heftan.

Hattara: kada saman silikar ya bushe. Da ya tsage, aiki ya ɓaci.

5. Ku ƙafar da tataccen man na mataki na 2, heftan ɗin ya fita.
6. Ku ɗiga shi a saman silikar.
7. Ku zuba heksan, ku tari kashi na biyu, marar launi.
8. Sai ruwan sinadarin toluwin, ya fito da kashi na uku, mai launin rawaya.
9. Ruwan sinadarin metanol zai wanko resin, kashi na huɗu mai danƙo.

Don Allah ban da wuta kusa, duk waɗannan sinadarai suna kamawa.