Yadda Za Ka Zaɓa Wa Tsoffinka Inshorar Lafiya a Katsina

Kafin ka tambayi kowane kamfani farashi, zauna da Baba ko Inna ka rubuta ciwon da suke fama da shi yanzu, da sunan kowane magani da suke sha, da abin da ake kashewa a kansa duk wata. Wannan takardar ce ma'auninka. Tsarin da bai ɗauki hawan jini da ciwon sukari ba, ko da arha yake kamar ruwa, bai yi wa mai shekara 68 amfanin komai ba.

Farkon abin da ke kayar da mutane shi ne shekaru. Kamfanonin inshorar lafiya (HMO) da yawa suna tsayar da tsarinsu na gama-gari a shekara 60 ko 65, wanda ya haura sai tsarin dattawa, mai kuɗi daban. Duba shekarun da ke kan NIN ɗin Baba, domin da su za a yi aiki, ba da lissafin gida na cewa an haife shi shekarar da aka naɗa Sarki Usman Nagogo ba. Sannan ka tabbatar kamfanin yana cikin waɗanda hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta ba lasisi. Ita ce ta gaji tsohon tsarin NHIS bayan dokar 2022.

Sai asibiti. Karɓi jerin asibitocin da suke hulɗa da su a jihar Katsina, kada ka yarda da jerin ƙasa baki ɗaya, wanda Legas da Abuja suka cika. Ka taka da ƙafarka zuwa asibitin da ka zaɓa, ka tambayi teburin inshora ko har yanzu suna karɓar katin wannan kamfanin. Asibiti kan daina karɓa idan bashi ya taru, sunansa kuma yana nan a jerin. Tambayi kuma inda ake tura mara lafiya idan abu ya fi ƙarfinsu: Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ne, ko Asibitin Malam Aminu Kano? Mutumin Daura ya lissafa kusan kilomita 80 zuwa Katsina, kuma kuɗin mota daga aljihunsa zai fito.

Inda aikin yake shi ne takardar sharuɗɗa. Ciwon da mutum ya shigo da shi, wasu tsare-tsaren ba sa biyansa sam, wasu sai bayan watanni, har shekara guda. Haka tiyata. Saboda haka idan likita ya riga ya ce a cire wa Inna yanar ido, kada ka ɗauka inshorar da ka saya yau za ta biya aikin wata mai zuwa. Kowane ɓangare kuma yana da iyakar kuɗinsa a shekara: magani daban, kwanciya daban, tiyata daban. Ɗauki kuɗin maganin wata, ka ninka sau 12, ka gwada da iyakar magani. Idan za ta ƙare a wata na bakwai, ka san sauran biyar naka ne. Tambayi wankin ƙoda sau nawa suke biya, da gashin ƙashi bayan shanyewar ɓarin jiki, da aikin mafitsara ga maza, da tabarau. Amsar baki ba ta isa ba, a nuna maka a rubuce.

Kada ka ɓoye ciwo wajen cike fom don a rage maka kuɗi. Ranar da fayil ɗin asibiti ya nuna Baba ya shekara biyar yana shan maganin sukari, suna iya ƙin biya, kuɗinka kuma ya tafi.

Gwaje-gwaje masu tsada da ganin ƙwararren likita suna buƙatar lambar amincewa daga kamfanin, wadda ma'aikata ke ce wa kod. Jinkirinta ne ke zaunar da tsoho a benci tun safe har la'asar. Kira layinsu da daddare tun kafin ka biya, ka ji ko ana ɗauka.

Idan kuɗin tsarin dattawa ya yi maka nauyi, leƙa ofishin KTSCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ko ka tambayi tsarin GIFSHIP na NHIA, wanda aka yi wa ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun mutane da iyalai, ka yi musu waɗannan tambayoyin. Wanda duk ka zaɓa, sa ranar sabuntawa a wayarka da sati biyu kafin ta cika, don idan ta wuce wasu kamfanonin sabon lokacin jira suke ɗora maka.