Kurakuran da masu karatun tarihin Turai da alaƙarta da duniya ke maimaitawa

Amsar da ba a gajiya da rubutawa a takardun jarrabawa ita ce wai a taron Berlin Turawa suka baje taswira suka yayyanka Afirka. Ba haka aka yi ba. Taron da Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus, ya kira daga Nuwamban 1884 zuwa Fabrairun 1885 ya haɗa ƙasashe 14, har da Amurka da Turkiyya, ba wakilin Afirka ko ɗaya. Ƙa'idoji suka tsayar: ciniki ba shinge a yankin kogin Kwango, 'yancin zirga-zirgar jiragen ruwa a Kwango da Kwara, da sharaɗin cewa duk wanda ya kama wuri a bakin teku ya sanar da saura, ya kuma kafa iko na zahiri a can.

Iyakokin kuwa daga baya aka ja su, tsakanin ƙasa da ƙasa. Dubi tamu ta Najeriya da Nijar. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga garin Say da ke bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi. A 1898 suka sake zama, aka zagaye Sakkwato da da'ira mai nisan mil 100. Faransawa suka ga an bar su da hanyar Damagaram da ba rijiyoyi, suka yi ta ƙorafi, aka gyara a 1904 da 1906. To, don Allah, wanda ya jibga duk wannan a kan Berlin, me zai ce in aka tambaye shi yadda Katsina da Maraɗi suka rabu? Haddar jimla ɗaya ba karatu ba ce, lalaci ne. Ni dai ba na barin ɗalibi ya ambaci wata iyaka sai ya faɗi yarjejeniyar da ta haife ta da shekararta.

Na biyu, karanta juyin juya halin Faransa na 1789 ba tare da Haiti ba. A Faris ana shelar 'yancin ɗan Adam, alhali bayi na noma wa Faransa rake a Haiti, wadda ke ƙarƙashin mulkinta a lokacin. Suka yi tawaye a 1791, suka kafa ƙasarsu a 1804, sannan a 1825 Faransa ta ɗora musu diyyar faran miliyan 150. Maganin da nake bayarwa: raba takarda gida biyu, abin da ke faruwa a Turai a hagu, abin da ke faruwa a yankunan da take mulka a dama, shekara da shekara.

Sauran ƙanana ne. Ingila ta hana cinikin bayi a 1807, dokar soke bautar kanta sai 1833, kuma iyayen gijin aka biya fam miliyan 20, ba bayin ba. Kada a ce "Turawa" kamar bakinsu ɗaya: saura ƙiris Ingila da Faransa su gwabza a Fashoda, a bakin kogin Nilu, a 1898. Masaƙun Manchester kuma da audugar bayin jihohin kudu na ƙasar Amurka suka bunƙasa, a sa wannan cikin babin masana'antu.