Yadda za ka nemo tsoffin hotunan gadar ƙafa ta tashar jirgin ƙasa

Masu ƙera ƙananan samfuran jiragen ƙasa da tashoshinsu don nishaɗi a Birtaniya sun fi aiki da ma'aunin OO, wato 1:76 (samfurin ya fi na gaske ƙanƙanta sau 76), kuma gadar da fasinjoji ke hawa su tsallake layi takan ba su wahala, domin da yawa an rushe su bayan rahoton Beeching na 1963, wanda ya ba da shawarar rufe layuka da tashoshi masu yawa, don haka sai da tsoffin hotuna ake iya kwaikwayonsu.

1. Fara da sunan tashar da kamfanin da ya gina ta. Kamfani irin North Eastern Railway yakan maimaita fasalin gada ɗaya a tashoshi da dama, saboda haka in gadar tasharka ta ɓace, wataƙila 'yar uwarta na nan tsaye, kamar ta tashar Goathland a Yorkshire.

2. Buɗe tsoffin taswirorin Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya, da Laburaren Ƙasa na Scotland ya sa a intanet kyauta, ka ga inda gadar take.

3. Bincika hotunan gidan tarihin jiragen ƙasa da ke York, da hotunan da aka ɗauka daga sama na shafin intanet na Britain from Above. Kada ka nemi "gada" kawai. Masu ɗaukar hoto na wancan zamanin jirgin ƙasa suka sa a gaba, gadar a bayansa take fitowa, don haka sunan tashar za ka rubuta. Tsoffin katunan gidan waya masu hoto ma kada ka raina su.

4. Ka sami hoto? Ƙirga layukan bulon da ke kusa, kowane layi wajen inci 3 ne, sai ka fitar da tsayin gadar. Ƙafa ɗaya (inci 12) milimita 4 ce a ma'aunin OO.