Kana so tsohuwar Hilux mai 22R ta ƙara ja? Fara da lagireto tukuna

Wannan bayanin na masu tsohuwar a-kori-kura ne, musamman Hilux ɗin nan mai injin fetur 22R da har yau take jidar buhunan masara da albasa daga ƙauye zuwa kasuwa. Kukan kowa ɗaya ne, wai da an yi mata lodi ta tarar da hawa sai ta fara nishi, ka dawo giya biyu kana ta addu'a. Ana iya ƙara mata ƙarfi kam, amma wallahi yawancin mutane ta wutsiya suke kamo abin, mutum ya tara kuɗi ya sayi kafireto mai tsada ya ɗaura, ya yi wata biyu yana jin daɗi, ranar da ya hau titi da rana tsaka a watan Afrilu sai tof gasket ya ƙone, a jawo motar da igiya.

Ka fara sanin injin da kake wasa da shi. 22R silinda 4 ne, bawul 8, girmansa cc 2366, Toyota ta fara fito da shi a 1981, kuma ƙarfinsa daga kamfani bai wuce doki 97 zuwa 108 ba, ya danganta da shekarar. Injin jan kaya ne mai haƙuri, ba na tsere ba, don haka duk wanda ya ce zai ninka maka ƙarfinsa da sufana da sukundireba to kuɗinka yake so. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne bulok ɗinsa ƙarfe ne amma tof silinda alminiyam ce, kuma alminiyam in ta sha zafi ta fi ƙarfe buɗewa kusan ninki biyu, shi ya sa obahitin ɗaya mai kyau ya isa ya lanƙwasa kan injin, wato tof silindar. Sannan man da kake ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai yake zama ƙarfi, ɗaya ya fita ta salansa, ɗayan kuma ruwan lagireto ne zai kwashe shi. Duk dokin da ka ƙara, ka ƙara wa lagireto aiki ke nan, ita kuma shekararta talatin da wani abu tana shan ruwan rijiya.

Kafin ka sayi ko noti ɗaya, a auna komfireshan, wato ƙarfin matsin da ke cikin silinda. Injin ya ɗumama, a cire fulogi duka huɗu, a take totur har ƙasa a buga kiy. Lafiyayye yana ba da wajen psi 170, in ya sauka ƙasa da 142 ko kuma tsakanin silinda da silinda akwai bambancin da ya wuce 14, to ba ƙarin ƙarfi yake buƙata ba, ringi ko bawul yake nema, a yi wannan tukuna. Ka kuma saurari gaban injin da safe, in kana jin kacar-kacar na sarƙa to ka tsaya. Daga 1983 sarƙar taimin ɗinsa ta koma guda ɗaya mai gaid na roba, robar tana karyewa, sarƙar ta yi ta cin murfin taimin har ta huda hanyar ruwa, sai ka ga baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, wani bakanike ya ce maka gasket ne alhali murfin ne ya huje. Akwai gaid mai bayan ƙarfe, in ka samu shi za ka sa.

To yanzu sanyaya. A sauke lagireto gaba ɗaya a kai wa masu wankinta su buɗe tankin su bi bututun ɗaya bayan ɗaya, ba wai a zura tiyo ta sama ruwa ya fito ta ƙasa a ce an wanke ba. Ruwan rijiya da na burtsatse yana barin farin gishiri a ciki, bututu ya toshe rabi, daga waje kuma ƙurar hunturu da ƙaiƙayi sun cike tsakanin ganyen. In ganyen yana marmashewa a hannu, ka haƙura ka nemi wata, kuma tunda ƙarfi za ka ƙara gara mai layi uku. Murfin lagireto kuwa mutane sun raina shi, alhali shi ne yake riƙe matsin iska na bar 0.9 da ke hana ruwa tafasa sai ya kai kusan digiri 120 maimakon 100. Robarsa ta tsage, ruwanka zai riƙa tafasa yana zubewa ko da komai lafiya lau. Arha ne, saya sabo.

Sai maganar da kullum muke rigima da kanikawa a kanta, tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa zuwa lagireto sai injin ya ɗumama. Da ka je gareji da obahitin abin da za a fara ce maka shi ne a cire shi, wai na ƙasar Turawa ne, mu nan zafi gare mu. Ni dai ban yarda ba. Cire shi ɓoye ciwo ne, lagireton da ta toshe tana nan a toshe, kawai za ta ɗan jima kafin ta nuna, sannan da safe lokacin sanyi injin ba ya kai zafin aikinsa da wuri, yana shan mai da yawa, ɗanyen fetur yana wanke man jikin silinda, ringi na cinyewa. In kana zarginsa, jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta ka gani, akwai lamba a jikinsa, 82 ko 88, kafin ruwan ya tafasa ya kamata ya buɗe sosai. Bai buɗe ba ka canza, a ƙasarmu mai 82 ya fi.

Fanka ita ma akwai magana. Tana da kuloci mai man silikon a ciki, in injin ya yi zafi ka kashe shi ka juya fankar da hannu, ya kamata ka ji tana turjewa, in ta yi ta juyawa sakaka kamar ta ɗaki to ta mutu, a zuba mata sabon silikon ko a canza. Wasu suna kafe ta da noti ta zama dairek, tana sanyayawa kam amma tana cinye dokin da kake nema, ga ƙara kamar jirgi, ga wahalar da famfon ruwa. Kuma kejin robar nan da ke kewaye da fanka, wanda yaran gareji suke cirewa su jefar don yana tare musu hannu, shi ne yake tilasta iska ta bi ta cikin lagireto, in babu shi fankar iskar gefe kawai take kaɗawa. Ka nemo shi ko a wajen 'yan gwangwan ne. Duba fambel, duba famfon ruwa ko yana ɗiga ta ɗan ramin ƙasa, matsa tiyon ƙasa ka ji, in ya yi laushi yana iya shaƙewa a kan gudu. Ruwa kuma a haɗa kulant da ruwa mai tsabta irin wanda ake zuba wa batir, injin yana cin wajen lita 8, a bar shi yana aiki murfi a buɗe har kumfar iska ta gama fita. In allurar dashbod ta daina aiki, sa geji na daban mai lamba, kar ka yi tuƙin makaho.

Wata dabara da za ta rage maka yawo, in a go-sulo take zafi amma a kan titi ta sauka, matsalar iska ce, fanka ko keji. In a kan gudu ko hawa take zafi, lagireto ce ko fetur ɗin da ke shiga inji ya yi ƙaranci ko taimin wuta.

Sai yanzu za mu zo kan ƙarfi, kuma na farko kusan kyauta ne. A saita bawul injin da zafi, na shiga 0.20, na fita 0.30 na milimita, da filageji ba da kunne ba. Sabbin fulogi, wayoyi, a duba kan distirbuta, sabuwar filtar iska. Taimin wuta na distirbuta a ƙara shi kaɗan-kaɗan, digiri biyu a gwada a hawa da lodi, da ka ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani to ka wuce, koma baya nan take don wannan ƙarar fistin take ci. Taimin da ya yi baya da yawa shi ma zafi yake kawowa. Tawa da aka yi mata wannan kaɗai sai da na ɗauka an canza inji, ashe shekara da shekaru dawakina a ɗaure suke.

Daga nan salansa. Manifol ɗin asali a matse yake, in ka samu heda, wato manifol mai bututu huɗu, ka haɗa da bututun inci 2 da kwata, injin zai yi numfashi. Kar mai walda ya zuga ka ka sa inci 3 ko ka cire tukunyar salansa, ƙara za ka samu, jan ƙasa kuma ya gudu, kai kuwa shi kake nema. Heda tana zuba zafi a cikin bonet, ka nisantar da tiyon mai da wayoyi daga gare ta.

Kafireto shi ne na uku ba na farko ba. Wanda aka fi ɗaura wa 22R shi ne Weber 32/36, maƙogwaro biyu, ƙaramin yana aiki kullum, babban sai ka taka sosai yake buɗewa. Ba ya son matsin mai da yawa, wajen psi 3, don haka sai da regileta. Ɗan filtar da yake zuwa da shi ba na ƙurarmu ba ne, a yi dabara a haɗa shi da gidan filta na asali. Bayan heda da Weber dole a sake duba jet, wato ƙananan ramukan da ke auna fetur a cikin kafireto, don iska ta ƙaru, in mai bai bi ta ba injin zai yi ta zafi har ya ƙona bawul. Ka karanta fulogi, fari fat mai ya yi kaɗan, baƙi mai toka ya yi yawa, ruwan ƙasa shi ne daidai. Motar da aka saita a Jos, inda tudu ya kai mita 1,200 iska ba ta da kauri, in ta sauko Sakkwato za ta iya neman ƙarin mai.

Turbo kuwa ka manta kawai. Ita kanta Toyota da ta yi 22R mai turbo a tsakiyar shekarun 1980 sai da ta sauke komfireshan reshiyo (ninkin matsi ne, ba psi ba) zuwa 7.5, ta samu doki 135, naka yana wajen 9, fistin zai narke. Haka yawan kankare tof silinda, in lanƙwasar ta wuce milimita 0.15 a kankare iya abin da zai daidaita, a ɗaure notin kai da sufanar awo a jere daga tsakiya, ba da bututu da ƙarfin tuwo ba. In za ka kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman kai ko sarƙa, tafi da tsohon a hannu, don a 1985 an canza tsayin bulok da fasalin kan, na kafin nan da na bayan nan ba duka suke shiga juna ba.

Duk abu ɗaya da ka canza, ka fita gwaji kafin ka taɓa na gaba, da lodi, da rana, a hawan da ka saba, ido a kan geji. In allura ta fara hawa ka sauka gefe ka bar injin yana aiki a hankali bonet a buɗe, in tana ci gaba da hawa ko ruwa na zuba ka kashe. Kar ka buɗe murfin lagireto da zafi, kar kuma ka kwara ruwan sanyi a kan tof silinda, ka ba shi kamar minti talatin tukuna sannan ka sa tsumma ka murɗa murfin rabi iskar ta fita.