Yadda ake haɗa ƙungiyar kiɗan rok ta mafarki

Masoya kiɗan rok suna da wani wasa da ba ya tsufa. Sai a ce maka ga duk makaɗa da mawaƙan da aka taɓa yi, na raye da waɗanda suka rasu, zaɓi waɗanda kake so ka hau da su dandamali ɗaya. Ba ka biyan ko sisi, kuma ba mai ƙin amsa kiranka. Da jin haka yawancin mutane sai su zayyano manyan sunaye, Hendrix, Clapton, Page, Mercury, su ce sun gama. Amma da za a tara waɗannan a ɗaki guda, hayaniya kawai za a ji. Daɗin wasan yana wajen haɗa mutanen da kunne zai yarda cewa za su iya kiɗa tare.

Fara da kafa wa kanka doka, don wasan da ba doka ba ya jimawa. Kujeru biyar sun isa: ganga, jitar bes (mai kaurin sauti), jita biyu, da murya. Kada ka ɗauki mutum biyu daga ƙungiya ɗaya, in ba haka ba za ka wayi gari ka sake gina wata tsohuwar ƙungiya irin Led Zeppelin da sabon suna. Sannan duk wanda ka zaɓa, ka faɗi na wace shekara kake nufi. Eric Clapton na 1967, mai ƙure lasifika a ƙungiyar Cream, daban yake da Clapton na 1992 da ya zauna kan kujera yana kaɗa jitar katako a hankali. Mutum ɗaya ne, amma ba aiki ɗaya za su yi maka ba.

Bayan haka ka faɗa wa kanka irin kiɗan da kake son ji, a jimla ɗaya tak. Tawa ita ce: kiɗa mai nauyi, amma wanda jama'a za su iya amshi.

Yanzu zaɓen mutane, kuma daga baya ake farawa, wato daga mai ganga. A nan mutane suka fi yin sakaci, alhali shi ne ke yanke yadda sauran huɗun za su motsa. Dubi uku daga cikin mashahuran Ingila. Keith Moon na The Who ba ya barin fili, ko'ina dukansa yake kamar ana korarsa, shi ya sa duk wanda ya tsaya kusa da shi dole ya zama mai natsuwa. Charlie Watts, wanda ya riƙe gangar Rolling Stones daga 1963 har rasuwarsa a 2021, mutumin jaz ne a zuciyarsa, ba ya yawan ado, yana ba kiɗa sarari ya yi numfashi. Shi kuwa John Bonham na Led Zeppelin hannunsa da nauyi, ƙafarsa ta dama kuma da saurin tsiya, ga shi yana ɗan jan ƙafa a bayan kiɗan yadda komai zai ji kamar ya ƙara girma. In kana son sanin matsayinsa, ka tuna cewa da ya rasu a Satumban 1980, sauran ukun ba su nemi wani ba, a Disamban shekarar suka sanar da rushe ƙungiyar. Ni Bonham na 1971 na ɗauka.

Daga nan sai mai bes, kuma ba shi kaɗai za ka auna ba, da mai gangar za ka auna shi. Su biyun nan kamar mutum ɗaya suke aiki. In gangarka mai cika fili ce, nemi bes mai haƙuri. In gangar mai barin sarari ce, to bes zai iya yawo. John Paul Jones, mai bes na Led Zeppelin, shi ne ya fi kowa dacewa da Bonham, amma dokar da muka kafa ta hana. Saboda haka na koma wajen Paul McCartney na ƙungiyar Beatles, na tsakanin 1966 da 1969, lokacin da bes ɗinsa ya zama kamar waƙa ta biyu a ƙarƙashin waƙar. Riba uku ke nan a kujera ɗaya: yana kaɗa bes, yana zama gaban fiyano, yana kuma rubuta waƙa da rera ta. Wannan dabara ce da ya kamata ka riƙe, tunda kujerun ba su da yawa, ka fifita mai hannu biyu a sana'a.

Sai jita, inda gardama ta fi zafi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba gwanaye biyu kujerun nan biyu. Ai ba a sarki biyu a gari ɗaya. Kujera ɗaya ta mai ja gaba ce, ɗayar ta mai riƙe ƙugun kiɗa. Ta farkon na ba Jimi Hendrix ba tare da dogon tunani ba. Bahago ne, yakan juya jitar Fender ta na-dama ya sake ɗaura mata tsirkiya, kuma a 'yan shekarun da ya yi yana tashe kafin rasuwarsa a Landan a 1970, yana da shekara 27, ya canja abin da ake tsammani daga jitar lantarki. Akwai ma alaƙa ta gaske tsakaninsa da mai bes ɗina, domin McCartney ne ya ba da shawarar a gayyace shi bikin kiɗa na Monterey a 1967, wanda ya buɗe masa ƙofar Amurka. Ta biyun kuwa Malcolm Young na AC/DC. Shekara da shekaru yana tsaye can baya kusa da ganga, ƙaninsa Angus yana tsalle-tsalle a gaba ana tafa masa, amma hannun daman Malcolm ne ke riƙe da ginin. Irinsa ba zai taɓa neman ƙwace wa Hendrix fili ba.

Ba dole ba ne duk zaɓinka ya fito daga Ingila da Amurka. Mdou Moctar ɗan Nijar, wanda shi ma bahago ne, da Bombino ɗan Agadas, sun kai jitar Abzinawa manyan dandamalin rok na duniya. In ka sa ɗayansu a gaba, sai dai ka koma ka sake duba gangarka, don kiɗansu zagaye yake yi yana maimaita kansa, ya fi son ganga mai gudana irin ta Tony Allen, makaɗin Fela Kuti, a kan mai dukan guduma irin ta Bonham.

Murya ita ce ta ƙarshe a zaɓe, ko da yake ita jama'a ke fara gani. Tambaya biyu za ka yi. Shin muryar za ta iya ratsa wannan ƙarar ta fito? Shin mai ita zai iya riƙe taro? Freddie Mercury na ƙungiyar Queen, haifaffen Zanzibar, ya amsa duka biyun a filin Wembley ranar 13 ga Yulin 1985, a taron kiɗan agaji na Live Aid, inda cikin minti ashirin da 'yan kai ya mai da dubban mutane 'yan amshinsa. Wanda ya taɓa ganin yadda Mamman Shata ke jefa baiti, 'yan amshi su cafe, kalangu na tafe a ƙasa, zai gane abin da nake nufi, sai dai shi Mercury filin gaba ɗaya ya mayar haka. Duk da haka ban ɗauke shi ba. Mercury da Hendrix kowannensu yana son ido ya tsaya a kansa, kuma kiɗan Mercury tsararre ne, Hendrix kuwa ba ya kaɗa abu iri ɗaya sau biyu. Tina Turner na zaɓa, ta farkon shekarun 1970. Muryarta na da kaushi da ƙarfin da za ta tsaya gaban Bonham, kuma ta taso cikin kiɗan baƙaƙen Amurka irin wanda Hendrix ya yi wa hidima yana ɗan amshin jita kafin ya yi suna.

Da ka cike kujeru, sai ka zauna ka duba hali, don hali ne ya kashe yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi da aka gwada a zahiri. Cream, wadda aka kafa a 1966 da Clapton da Jack Bruce da Ginger Baker, kowannensu gwani ne na gaske, amma Bruce da Baker ba sa ga-maciji tun kafin a kafa ta, kuma zuwa ƙarshen 1968 ta watse. Clapton da Baker suka sake haɗuwa da Steve Winwood a Blind Faith a 1969, faifai ɗaya suka yi, shekarar ba ta ƙare ba aka tashi. (Baker daga baya Legas ya nufa, ya zauna can, har ya yi faifai da Fela a 1971.) Kwatanta wannan da Traveling Wilburys ta 1988: George Harrison, Bob Dylan, Roy Orbison, Tom Petty da Jeff Lynne. Duk manya ne, amma abokai ne, kowa ya ajiye girmansa a bakin ƙofa, har sunayen wasa suka laƙaba wa kansu a jikin faifan. Saboda haka ka tambayi kanka wa zai ce "ya isa haka" a ƙungiyarka, kuma wa zai ji. A tawa, matsalar tana wajen McCartney, wanda aka san shi da son tsara wa kowa abin da zai kaɗa. Maganinta shi ne a sa furodusa a tsakani, kuma George Martin, wanda ya yi aiki da Beatles a situdiyon Abbey Road, ya san yadda ake bi da shi. Furodusa ba ya cin kujera, don haka doka ba ta karye ba.

Mataki na ƙarshe shi ne gwaji da kunne. Ka nemo wasan da kowannensu ya yi a gaban jama'a, ba na situdiyo ba, don a dandamali ne halin makaɗi ke fitowa. A YouTube akwai faifan da aka ware ganga kaɗai ko bes kaɗai ko murya kaɗai, su ne suka fi amfani a nan. Saurari gangar, ka riƙe ta a ka, sannan ka kunna muryar ka ji ko za su zauna tare. Daga nan ka cire mutum ɗaya ka gani. In ka cire shi ba ka ji giɓi ba, to sunansa ne ya ruɗe ka, ba da kujerar ga wani. Ni da na cire Malcolm Young, sai na ga duk lokacin da Hendrix ya tafi yawonsa ba wanda ya rage a tsakiya sai bes, shi ma mai yawo ne, don haka na mai da shi wurinsa.