Kurakuran da muke yi wajen sauya banki idan natwok ya daɗe a kwance

Jama'a, duk wanda ya ga canjin kuɗi na farkon 2023 a nan Sakkwato ya san mi ake nufi da banki ya kwanta. Layi a bakin ATM tun kafin asuba, manhaja tana ta juyawa ba ta buɗewa, ka tura kuɗi a cire maka amma can shiru. A 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace bankuna da dama suka yi tsit, sai Oktoban shekarar da GTBank da Zenith suka sauya tsarin kwamfutocinsu kwastomomi suka sha fama. Kowane karo maganar ɗaya ce, wallahi na bar bankin nan. To ba laifi, kuɗinka ne. Amma asarar da na fi gani ba natwok ne ke jawo ta ba, garajen fita ne.

Kuskuren farko tun ba a je ko'ina ba shi ne danna taransifa a kai a kai. Mutum ya buɗe sabon asusu yana son ya kwashe kuɗinshi daga tsohon, ya tura dubu ɗari ta ƙi, ya sake, ya koma USSD ya sake, ya tafi wajen mai POS ya sa kati. Da yamma sai alat ya riƙa shigowa an cire duka, ga shi ko ɗaya bai isa ba. Kuɗin da da suna zaune lafiya yanzu sun rataye a hanya. Idan ta ƙi sau ɗaya ka dakata, ka duba balans ba alat ba, don alat kan makara. In za ka gwada hanya, gwada da naira dubu ɗaya, ta isa sannan ka tura sauran kashi-kashi.

Ka kuma fara gane inda matsalar take. Taransifa daga banki zuwa wani banki ta NIBSS take bi, wato kamfanin da ke haɗa bankuna wajen tura kuɗi. In bankinka ne kaɗai ya kwanta, sabon asusu zai taimaka wajen karɓar kuɗin da ke shigowa. In kuwa matsalar ta gama-gari ce irin ta wayoyin teku, sai ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago. Tambayi masu POS biyu uku a unguwarku wane banki ke tafiya yau, sun fi kowa sani, sana'arsu kenan.

Babban kuskure, wanda na fi son a ji ni a kanshi, shi ne rufe tsohon asusu ko watsar da shi alhali akwai kuɗi a rataye. Kuɗin da aka cire ba su isa ba, inda suka fito nan suke komawa. Ka rufe asusun cikin fushi, ka karya katin, ka goge manhajar, to ina za su sauka? Sai ka koma kana cika fom kana roƙon mutanen da ka gama zagi jiya. Ƙara asusu ake yi, ba a gudu. Ka bar tsohon a buɗe har komai ya dawo, ka karɓi sitetimen na watannin baya ka ajiye, sannan ka yanke shawara da sanyin zuciya.

Sai maganar shaida. Da yawa za su shiga banki su ce an ci min kuɗi, a ce yaushe, su ce shekaranjiya ko ranar Laraba. Haba Malam. Kowace taransifa tana da Session ID, lamba ce doguwa mai 30, tana jikin risit ko cikin tarihin manhaja, da ita ake bin sawun kuɗin. Ka ɗauki hoton allo, ka riƙe 'yar takardar POS ɗin nan ko da an rubuta ta ƙi, kuma ka ɗauke ta a hoto don rubutunta gogewa yake cikin zafin garin nan, ka bar ta a aljihu kwana kaɗan sai ka ga farar takarda. Ka kai koke a rubuce, ka ce a ba ka lambar koken. Tsarin CBN, Babban Bankin Najeriya, shi ne bankinka za ka fara kai wa, in mako biyu suka wuce ba a warware ba sai ka ɗaga zuwa sashen kare haƙƙin kwastomomi na CBN. Wanda bai da lambar koke kamar bai taɓa zuwa ba ne.

Sabon asusun ma akwai tarko. Da lambar waya da BVN ko NIN cikin minti kaɗan an buɗe maka OPay ko PalmPay, daɗi kenan, sai dai matakin farko ne aka ba ka, wanda ƙa'idarshi ba ya ɗaukar sama da dubu 300, kuma abin da za ka fitar a rana dubu 50 ne. Ɗauki mai albasa a kasuwar Ramin Kura, ya loda mota zuwa kudu, ya ba abokin ciniki sabuwar lambar da ya buɗe jiya, aka turo miliyan biyu. Ko dai kuɗin su ƙi shiga, ko su shiga a riƙe su sai ya ɗaga mataki, ga direba na jira ga 'yan dako na jira. Kafin ka ba kowa lambar, ka sa BVN da NIN, ka kai shaidar adireshi a kai ka mataki na uku. In ka manta BVN ɗinka danna *565*0# da layin da ka yi rajista da shi, NIN kuma *346#.

A nan ne kuma matsalar suna ke fitowa. BVN na cewa Muhammadu Bello, NIN na cewa Bello Mohammed, ranar haihuwa ma kowanne da tashi. Mu nan abin ya yi mana yawa. Wannan gyara a lokacin lafiya ake yinshi, ba ranar da banki ya cika maƙil ba.

Ma'aikata, buɗe sabon asusu ba ya sauya inda albashi ke faɗawa. Sai ka rubuta wa ofishinku, na tarayya kuma ta IPPIS, tsarin biyan albashin gwamnatin tarayya, kuma ba lallai ya kama a watan ba. Haka mai fansho. Wanda kuma ke da bashin banki yana ganin in ya koma wani wuri ya tsira, tun Agustan 2020 akwai tsarin GSI, da BVN ɗinka za a bi ka duk asusun da kake da shi a cire abin da ake binka. Gara ka je ka zauna da su.

Wani abin da ke ba ni tsoro, a ce bari in ajiye a asusun ƙanena ko na mai POS ɗin unguwa kafin natwok ya dawo. Amana ce dai, amma rai ba a hannunmu yake ba, kuma in rigima ta taso a takarda kuɗin na mai asusun ne.

Kada kuma ka kwashe komai ka zuba wuri ɗaya don yau shi ke da sauri. A Afrilun 2024 CBN ta dakatar da OPay, PalmPay, Kuda da Moniepoint daga ɗaukar sababbin kwastomomi, sai a Yuni aka sake su. Inshorar NDIC, hukumar da ke biyan masu ajiya in banki ya rushe, ita ma ba ɗaya ba ce, bankin kasuwanci miliyan 5 ne ga kowane mai ajiya, bankin maikurofainans miliyan 2. Da aka soke lasisin Heritage Bank a 3 ga Yunin 2024, da BVN NDIC ta nemo asusun da mutane ke da shi a wasu bankunan ta biya su. Mai asusu biyu ya fi samun sauƙi.

'Yan damfara kuwa lokacin nan kakarsu ce. Ka yi ƙorafi a ƙarƙashin shafin banki a Facebook, nan take wani ya biyo ka ta inbos da tambarin bankin, ranka ya daɗe mun ga kokenka, turo lambar kati da OTP mu mayar maka. Babu ma'aikacin bankin da zai nemi PIN ko OTP ɗinka, wato lambar sirrin da banki ke turo maka a waya. Ka kashe wayar kawai. Hajiya da Baba da ba su iya karatun saƙon ba, a gaya musu kada su karanta wa kowa lambar da ta shigo waya.

In ƙura ta lafa ka ga za ka riƙe tsohon asusun, ka riƙa motsa shi ko da sayen katin waya ne, don in ya shekara ba motsi dormant yake zama sai ka je da kanka a farfaɗo da shi. Layin da alat ke shigowa ma ka riƙa amfani da shi, kamfanin waya na ƙwace layin da aka daɗe ba a taɓa ba ya sayar wa wani, shi kuma ya riƙa ganin saƙonnin bankinka.